Laushin birki bayan gyaran durom

Laushin birki yanayi ne da fedar birkin mota ke nutsewa ƙasa fiye da yadda ta saba kafin motar ta kama, ko kuma ta riƙa lotsawa a ƙarƙashin ƙafa kamar an taka soso. Direbobi kan ce birki ya yi laushi, ko ya tafi ƙasa, ko kuma sai an yi famfo yake kamawa. Matsalar tana yawan bayyana jim kaɗan bayan an yi aiki a tayoyin baya na motar da ke da birkin durom, wanda wasu ke fassarawa da birkin ganga, musamman bayan canza shu ko silindar taya. Yawancin mutane kan ɗauka iska ce ta shiga man birki. Sau da yawa kuwa ba ita ba ce: tazarar da ke tsakanin shu da durom ce ta yi yawa saboda ba a daidaita ta ba, kuma bilidin, wato fitar da iska, ba ya maganin wannan ko sau nawa aka maimaita shi.

A birnin Sakkwato batun ya shafi motoci masu yawa, domin galibin motocin haya da na ɗaukar kaya suna da durom a baya. Daga ciki akwai bas ɗin Toyota Hiace, da Hilux, da tsofaffin Volkswagen Golf, da nau'o'in Toyota Corolla da dama, da akori-kura ta Peugeot 504. Keke Napep irin su Bajaj RE da TVS King ma da durom mai aiki da mai suke tsayawa. Manyan tireloli, irin waɗanda ke ɗauko siminti daga Kalambaina, ba sa cikin wannan bayani, saboda birkinsu da matsin iska yake aiki, ba da mai ba.

Tarihi a taƙaice

Ana danganta birkin durom na zamani ga Louis Renault, ɗan ƙasar Faransa, a shekarar 1902. Da farko da sanduna da wayoyi ake jan shi. Malcolm Loughead a Amurka ne ya ƙirƙiro tsarin tura birki da mai a ƙarshen shekarun 1910, kuma motar Duesenberg Model A ta 1921 na cikin na farko da suka fito da shi a tayoyi huɗu. Daga shekarun 1950 aka fara yawaita durom mai daidaita kansa, sannan daga ƙarshen shekarun 1960 aka raba masta silinda gida biyu, ta yadda idan layi ɗaya ya fashe ɗayan zai ci gaba da aiki. Birkin faifai ya karɓe tayoyin gaba, amma durom ya zauna a baya har yau saboda arha da kuma sauƙin haɗa shi da birkin hannu.

Yadda durom ke aiki

Durom ƙarfe ne mai siffar kwano da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai shu guda biyu masu lanƙwasa, a ɗaure a kan farantin baya wanda ba ya juyawa. Idan direba ya taka feda, masta silinda kan tura mai ta cikin bututu zuwa silindar taya, fistin biyu da ke cikinta su buɗe, su danna shu a jikin durom. Da zarar an ɗaga ƙafa, sifirin masu ƙarfi sukan janyo shu su koma mazauninsu.

A nan ne durom ya bambanta da faifai. Fad ɗin birkin faifai kusan a manne yake da faifan a kowane lokaci, kuma yana bin sa da kansa yayin da yake cinyewa. Shi kuwa shu, sifirin na mayar da shi baya har sai ya tokari ajasta, wani ƙarfe mai zare ko mai siffar tsinke da ke ƙayyade inda zai tsaya. Duk tazarar da ajasta ta bari, sai mai ya cike ta kafin birki ya fara kamawa, kuma wannan man daga tafiyar feda yake fitowa.

Ana iya ganin girman abin da lissafi. A ɗauka silindar taya mai faɗin milimita 19 ce, masta kuma mai milimita 21, sannan feda tana tafiya ninki huɗu na tafiyar fistin ɗin masta. Idan kowane ɗaya daga cikin fistin huɗu na baya zai yi ƙarin tafiyar milimita 1, ana buƙatar ƙarin mai fiye da mililita 1, wanda ke ƙara wa feda tafiyar kimanin milimita 13. Kuma da yake a irin durom ɗin ƙananan motoci shu a ƙarshensa ɗaya yake juyawa, tazarar milimita 1 a tsakiyarsa kan zama kusan milimita 2 a bakin fistin. Ke nan ratar da ido ba zai damu da ita ba tana iya kai feda ƙasa da santimita 2 da rabi. Shi ya sa kamfanoni ke ba da ƙa'ida mai tsauri. A wasu nau'o'in Corolla bambancin faɗin durom da na shu milimita 0.6 ne kacal.

Iri uku na laushi

Kalmar laushi ta haɗa abubuwa uku da dalilansu suka sha bamban, kuma rarrabe su shi ne matakin farko na bincike. Ana yin gwajin ne mota a kashe, bayan an taka feda sau da yawa har ƙarfin busta ya ƙare, domin busta na ɓoye ainihin abin da ƙafa ya kamata ta ji.

Na farko shi ne feda mai nisa: tana tafiya ƙasa sosai ba tare da tirjiya ba, amma idan ta kai inda za ta kama sai ta tsaya da tauri kamar dutse. Idan aka yi famfo da sauri sau biyu ko uku takan hau sama, saboda sifirin ba su samu damar mayar da shu gaba ɗaya ba. A jira 'yan daƙiƙoƙi sai ta koma yadda take. Wannan alamar tazara ce.

Na biyu shi ne feda mai soso. Ita ma takan hau da famfo, abin da ke sa a rikita ta da ta farko, amma ba ta taɓa yin tauri. Kullum akwai lotsawa da 'yar dawowa a ƙarƙashin ƙafa. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka wannan alamar iska ce, ko tiyo da ke kumbura, ko wani ƙarfe da ke lanƙwasa.

Na uku shi ne feda mai nutsewa a hankali: tana kamawa a daidai, amma idan aka riƙe ta da matsakaicin ƙarfi na rabin minti sai ta riƙa sauka har ƙasa. Ko dai mai na yoyo a waje, ko kuma yana zagaye robar masta a ciki. Idan man tanki yana raguwa, yoyo ne. Idan ba ya raguwa kuma babu jiƙa a ko'ina, masta ake zargi, sai dai a tuna cewa masta na iya yoyo ta bayansa zuwa cikin busta inda ba a gani.

Gwajin birkin hannu

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar sifana ko ɗaya. A ja birkin hannu har ya fara kamawa, sannan a taka feda. Birkin hannu yana buɗe shu da waya, ya kai su jikin durom ba tare da mai ba, wato ya cinye tazarar. Idan feda ta hau sama ta yi tauri a wannan hali, matsalar ta daidaitawa ce, kuma babu dalilin buɗe ƙusar iska. Idan babu abin da ya canza, sai a koma ga mai.

Wata alama mai goyon bayan wannan ita ce birkin hannun kansa ya riƙa tafiya sama sosai kafin ya riƙe motar. Kuskuren da aka saba yi a nan shi ne a ɗaure wayar birkin hannu daga wajen noti don a rage tafiyarsa. Hakan na ɓoye alamar, yana ɗaga shu daga mazauninsa, kuma yana iya hana ajasta aiki. Ƙa'ida ita ce a sassauta wayar, a daidaita shu, sannan a ɗaure waya daga ƙarshe.

Dalilan da suka shafi shu da durom

Mafi yawa shi ne ajastar da aka mayar ƙarshe. Tsohon durom yakan yi baki a gefensa, inda shu ba ya gogawa, kuma don a fitar da shi ko a mayar da shi a kan sababbin shu masu kauri sai an janye ajasta. Idan aka rufe a haka, tazara mai yawa ta rage. An ce durom na daidaita kansa, amma na'urar tana tafiya ne haƙori ɗaya a lokaci guda, kuma an yi ta ne don bin cinyewar shu a hankali, ba don cike babban gibi ba. Hanyar tayar da ita ma ta bambanta: a wasu motocin sai an taka birki ana tafiya da baya, a motocin Toyota da yawa sai an ja birkin hannu an saki sau da dama, a Golf kuwa wani ƙarfe mai siffar tsinke ne ke zamewa ƙasa idan aka taka feda da ƙarfi. Abin da ya fi inganci shi ne a kankare bakin durom, a buɗe ajasta da hannu har shu ya fara shafar durom, sannan a janye kaɗan, ana taka feda a tsakani don shu su zauna a tsakiya.

Ajastar dama da ta hagu ba ɗaya ba ne a motoci da yawa. Zarensu kishiyar juna ne. Idan aka kwance ɓangarorin biyu lokaci guda aka zuba kayan a tire ɗaya, yana da sauƙi a musanya su, kuma ajastar da ke gefen da ba nata ba takan riƙa janye shu maimakon buɗe su. Alamar ita ce birki ya fita daga gareji lafiya, bayan kwana biyu ya sake tafiya ƙasa. Don haka ƙwararru kan gama taya ɗaya kafin su taɓa ɗaya, suna duba wadda ba a kwance ba a matsayin madubi.

Sai kuma durom da ya cinye. Ana rubuta iyakar faɗin da aka yarda da shi a jikin durom; a ƙananan motoci da yawa mai milimita 200 iyakarsa 201 ce. Sabon shu an lanƙwasa shi ne daidai da sabon durom. A cikin wanda ya yi faɗi, tsakiyarsa kawai ke taɓawa, gefunan suna rataye, sai shu ya riƙa lanƙwasa duk lokacin da aka taka. Wannan na ba da laushi mai kama da na iska ƙwarai, kuma ana gane shi ta duba fuskar shu bayan ɗan tuƙi: gogewar a wuri ɗaya za ta taru. Ƙaramin rashin dacewa yakan gyaru da kansa bayan tafiya ta wani lokaci, amma durom da ya wuce iyaka sai canji. Haka nan shu da aka sake wa fata da hannu ba lallai ne kaurinsa ya zo daidai ba.

Akwai kuma kurakuran haɗawa: sifirin da aka sa a ramin da ba nasa ba, shu da bai zauna a bakin fistin ba, ko musanya na gaba da na baya a irin durom ɗin da fatar shu ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Silindar taya da aka sayo da kama, ba da lamba ba, tana iya fin ta asali faɗi. Za ta shiga ramin ta ɗauru, amma za ta sha mai fiye da abin da masta ke bayarwa.

Dalilan da suka shafi mai

Canza shu kaɗai ba ya buƙatar buɗe layin mai, don haka bai kamata iska ta shiga ba. Tana shiga ne idan wani ya taka feda alhali durom na waje, fistin ya fito daga silinda, ko kuma idan fistin ya zame yayin da ake kokawa da sifirin. Idan an canza silindar taya kuwa, bilidin wajibi ne.

A bilidin na mutum biyu, ɗaya yana taka feda ya riƙe, ɗaya ya buɗe ƙusar iska ya rufe kafin a ɗaga ƙafa. Ɗaga ƙafa ƙusa a buɗe yana tsotso iska ciki. Barin tankin mai ya ƙafe a tsakiyar aiki kuma yana cusa iska cikin masta, daga nan sai an bi tayoyi huɗu, wani lokaci har sai an yi wa masta bilidin shi kaɗai. Tsarin da aka saba shi ne a fara da taya mafi nisa daga masta. A motar da sitiyarinta ke hagu, kamar yadda aka saba a Najeriya tun bayan komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, wannan na nufin baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Wasu kamfanoni, ciki har da Honda a wasu nau'o'inta, suna da nasu tsarin daban. A motoci masu ABS, iskar da ta shiga cikin na'urar kan maƙale, kuma a wasu sai an haɗa kwamfutar gwaji ta motsa bawul-bawul ɗin kafin ta fita.

Hiace da Hilux da wasu Golf suna da bawul a kusa da gatarin baya wanda ke auna nauyin kaya ya ƙayyade matsin da ke zuwa tayoyin baya. Idan aka ɗaga motar ta jikinta, gatari yana rataye, bawul ɗin kan ɗauka motar ba ta da kaya, ya taƙaita mai, sai bilidin ya ƙi yin kyau. A wasu motocin Toyota bawul ɗin yana da tasa ƙusar iska, wadda ake yawan mantawa da ita.

Bilidin kansa na iya kashe masta. A tuƙi na yau da kullum fistin ɗin masta ba ya wuce wani yanki na silinda, sauran kuwa yakan tara tsatsa da datti a tsohuwar mota. Idan yaron gareji ya riƙa danna feda har ƙasa, robar na bi ta kan wannan yankin ta yage. Ta haka ne motar da ta zo da matsalar tazara kawai, aka yi mata bilidin sau uku ba dalili, kan ƙare da buƙatar sabon masta da gaske. Ana kauce wa hakan ta sa ɗan katako a ƙarƙashin feda.

Idan har yanzu ba a gano inda matsalar take ba, akan matse tiyon roba na baya da matsewa ta musamman mai santsin baki, sannan a taka. Idan feda ta yi tauri, laifin yana bayan matsewar. Idan ba ta yi ba, yana gaba ko a masta. Filaya mai haƙora na lalata tiyo daga ciki, kuma ba a matse tiyo mai saƙar ƙarfe.

Man birki da yanayin Sakkwato

Man birki iri-iri ne bisa ma'aunin DOT na Amurka. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Amma dukansu suna shan danshi daga iska, kuma idan ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin kan sauka zuwa 140 da 155. Man da ya tafasa yana zama tururi, tururi kuma yana matsuwa kamar iska. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza mai duk shekara biyu, kuma a yi amfani da gwangwanin da ba a buɗe ba. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Zafin Sakkwato a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Wannan kaɗai ba ya tafasa mai, amma yana rage sanyayawar durom, wanda dama rufaffe ne. Haɗarin ya fi yawa ne idan bakanike, don gudun feda mai nisa, ya matse ajasta fiye da kima. Shu zai riƙa gogawa ba tsayawa, kuma bas mai cike da fasinja da kaya a hanyar Illela ko Gusau ko Jega na iya fita da birki mai tauri, bayan tafiya mai nisa feda ta faɗi ƙasa, ta dawo bayan an huta. Durom da ya yi zafi yana kuma buɗewa, ya ƙara nisa daga shu. Taya ɗaya ta fi sauran zafi ko ta riƙa ƙaurin ƙuna alama ce ta wannan.

Ƙurar hunturu da rairayi suna shiga durom su daskare a zaren ajasta, su hana ta juyawa, don haka wanke ta da shafa mata ɗan giris mai jure zafi ɓangare ne na aikin. A damina kuwa, shiga ruwa na rage kamun durom na ɗan lokaci, amma feda ba ta laushi. Tana nan da taurinta, motar ce ba ta tsayawa sai shu sun bushe.

Wanke robobin birki da fetur ko kananzir, ko zuba mai daga galan da ya taɓa ɗaukar baƙin mai, yana kumbura robar ya lalata ta, domin ba a yi ta don man fetur da danginsa ba. Da man birki ake wanke ta. Ruwan sabulu da wasu direbobi kan zuba idan mai ya ƙare a hanya yana tafasa a kusa da digiri 100, yana kuma sa silinda tsatsa. Motar da aka yi wa haka sai an wanke layinta gaba ɗaya.

Kariya da gwajin ƙarshe

Ƙurar da ke cikin durom na iya ƙunsar asbestos, wanda shaƙarsa ke jawo cutar huhu da kansa, don haka jiƙa ta ake yi a goge, ba a hura ta da iska ko da baki. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Man birki yana cin fenti, kuma shu da mai ya jiƙa ba ya wankuwa; ana canza na ɓangarorin biyu tare don kada motar ta riƙa ja gefe.

Kafin a miƙa mota, akan duba cewa feda tana kamawa da tazara mai kyau daga ƙasa a taku na farko, tana riƙe tauri idan aka danne ta, tayoyin baya suna juyawa da hannu ba tare da riƙewa ba, kuma babu jiƙa idan aka ɗaga robar ƙura ta silindar taya. Ana kunna injin ƙafa na kan feda. Saukar da za ta yi kaɗan a lokacin aikin busta ne, ba lahani ba. Daga nan sai gwaji a fili da ƙaramin gudu kafin a shiga cunkoson gari. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa shanyewar birki cikin dalilan haɗari da take tattarawa a rahotanninta, kuma birki na cikin abubuwan da jami'an VIO ke dubawa kafin ba da takardar lafiyar mota.